Kundin Lucinda Williams na 1998: ya cancanci datarka, in dai ka same shi da sautinsa na asali

Wanda ya taso a Birnin Kebbi ko Argungu yana jin Don Williams da Jim Reeves a rediyo ko a motar haya, fuska ɗaya ya sani ta kiɗan kantiri (country) na Amurka: murya mai sanyi, kiɗa a tsabtace, ba hayaniya. Kundin da muke dubawa daga wani reshe ya fito. Lucinda Williams ba ta haɗa dangi da Don ba, suna ne kawai ya zo ɗaya, kuma muryarta ba ta da wannan santsin. Akwai kaushi a cikinta, tana jan kalma har ta kusa karyewa kafin ta sake ta. Sunan kundin Car Wheels on a Gravel Road. Kamfanin Mercury ya fitar da shi ranar 30 ga Yuni, 1998, waƙoƙi 13 ne, tsawonsa kusan minti 52. A ganinmu yana cikin kundaye kaɗan na wannan fanni da mutum zai saurara daga farko har ƙarshe bai tsallake komai ba sai waƙa ɗaya. Amma duk darajarsa a cikin murya da jita take, kuma su ne abin da mummunan kwafi da sifika mai bugun ƙirji suke fara kashewa. Saboda haka rabin wannan bita a kan waƙoƙin ne, rabi a kan yadda za a same su lafiya.

An haife ta ranar 26 ga Janairu, 1953, a Lake Charles ta jihar Luwiziyana a kudancin Amurka. Mahaifinta Miller Williams marubucin waƙa ne kuma malamin jami'a, shi ya karanta waƙa a bikin rantsar da Bill Clinton karo na biyu a 1997. Aikin koyarwa ya yi ta yawo da iyalin daga gari zuwa gari, kuma wannan yawon shi ne ya zama jarin 'yarsa daga baya. Faifanta na farko, Ramblin' on My Mind, ya fito a 1979 a kamfanin Folkways, tsofaffin waƙoƙin bulus (kiɗan baƙar fatar kudancin Amurka) da kantiri na wasu ne ta rera. Na biyu, Happy Woman Blues na 1980, nata ne na kanta. Daga nan sai shiru na shekara takwas. Kamfanonin rok suka ce ta cika kantiri, na Nashville, birnin da yake cibiyar kantiri, suka ce ta cika rok. Wanda ya ɗauke ta a ƙarshe Rough Trade ne, kamfanin da ya samo asali a Landan, wanda aka fi sani da mawaƙan da ba su da alaƙa da kantiri ko kaɗan. Shi ya fitar da kundin da ke ɗauke da sunanta a 1988. Mary Chapin Carpenter ta ɗauki "Passionate Kisses" daga ciki ta sake rerawa, Lucinda ta sami kyautar Grammy a 1994 a matsayin wadda ta rubuta ta. Tom Petty ma ya rera "Changed the Locks" a 1996. Wato manyan mawaƙa sun san ta tun kafin jama'a su san ta.

Wannan shi ne reshen da ake kira alt-country: mawaƙan da suke rubuta waƙarsu da kansu, suna cakuɗa kantiri da bulus da rok, ba sa bin ma'aunin gidajen rediyon Nashville.

Tsakanin Sweet Old World na 1992 da wannan kundi shekara shida ne, kuma labarin jinkirin yana da amfani ga mai sauraro domin shi ya haifar da sautin. A 1995 ta ɗauki waƙoƙin a Austin ta jihar Teksas tare da Gurf Morlix, mai jitar da suka daɗe suna aiki tare. Ba ta gamsu da yadda muryarta ta fita ba. A daidai lokacin ta yi waƙa ɗaya da mawaƙi Steve Earle, ta ji yadda abokin aikinsa Ray Kennedy ya kama muryarta, sai ta yanke shawarar a sake komai a situdiyonsu na Nashville a 1996. Earle ya tafi yawon wasa aiki bai ƙare ba, Roy Bittan, mai fiyanon ƙungiyar Bruce Springsteen, ya ƙarasa a Los Angeles, ya ƙara akodiyan da ogan. Rick Rubin ya sa hannu wajen haɗa sautin, sannan matsalar kamfaninsa American Recordings, wanda da shi ne zai fitar da kundin, ta sake riƙe shi har Mercury ta karɓe shi. Abota da Morlix ta mutu a hanya, jaridu suka yi mata lakabin mai wuyar sha'ani. Kundin ya fito tana da shekara 45, ya ci Grammy a 1999, ya zo na ɗaya a ƙuri'ar masu sharhi ta jaridar Village Voice ta 1998, ya kuma haura kwafi 500,000 a Amurka.

Abin da wannan wahala ta saya shi ne murya a gaba, kusa da kunne, har ana jin numfashinta tsakanin layi da layi. Jitar katako na riƙe da kari, jitar lantarki na amsawa daga gefe, gangunan Donald Lindley a bushe ba amsa-kuwwa, bes ɗin John Ciambotti yana ƙasa bai taɓa neman a lura da shi ba. Babu goge mai yawa irin na faya-fayan Nashville. Jim Lauderdale da Buddy Miller na cikin masu amshi.

Ƙarfin rubutunta shi ne ba ta faɗa maka cewa tana baƙin ciki. Abin da ido ya gani take jerawa, ta bar ka da shi. Waƙa ta biyu, wadda aka sa wa kundin sunanta, daga idon yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar take: kicin a garin Macon, ƙanshin abincin safe, rediyo a kunne, manya suna magana ƙasa-ƙasa, a haɗa kaya a shiga mota, gonakin auduga suna wucewa ta taga, ƙarar taya a kan hanyar burji. Ba a ce iyaye na rigima ba. Mai sauraro ne yake gane haka da kansa wajen baiti na uku, kuma shi ya sa take zama a rai.

Sai sunayen garuruwa, waɗanda su ne ƙashin bayan kundin. "Lake Charles" a kan wani tsohon masoyinta ce da ya rasu, mutumin da aka haifa a Nacogdoches ta gabashin Teksas amma yake gaya wa kowa shi ɗan Lake Charles ne don can zuciyarsa take. Ta bi hanyar da suke bi da mota, Lafayette, Baton Rouge, ƙetaren tafkin Pontchartrain, akodiyan na biye da ita a hankali. "Jackson", wadda ta rufe kundin, baiti huɗu ne masu gini iri ɗaya, sunan gari kawai ke canjawa, Jackson, Lafayette, Baton Rouge, Vicksburg, a kowanne tana cewa in ta isa can kewarsa za ta sake ta, kai kuwa kana jin muryar ka san ba haka ba ne. Kamar direban da ya saba hanya ne yake lissafa maka Kalgo, Jega, Koko, Yawuri: sunaye ne kawai a bakinsa, amma kowanne da abin da ya bari a can. Kunnen da ya saba da gindin waƙa da ɗiyanta a wajen makaɗan baka zai kama wannan gini nan take ko da Turancin bai zauna ba.

"Drunken Angel" makoki ce ga Blaze Foley, mawaƙin Austin da aka harbe a 1989, kuma ba ta wanke shi ba. Tana yaba baiwarsa, tana kuma jin haushin yadda ya ɓarnatar da ita da shaye-shaye. Kiɗan yana da sauri da haske, hamonika na shiga tsakani, abin da ke sa maganar ta fi ciwo. "Greenville" ita ce inda ya kamata a rage hira a saurara: mawaƙiya Emmylou Harris ta hau saman muryar Lucinda, ɗaya siririya ɗaya mai kauri, suna sallamar namiji mai zafin hannu. "Concrete and Barbed Wire" kari uku-uku take tafiya. "Joy" kusan a kan sauti ɗaya aka gina ta, jitoci na cizon juna, ita kuma tana cewa za ta je garuruwan West Memphis da Slidell neman farin cikin da aka ƙwace mata. "Can't Let Go" ba ita ta rubuta ba, ta Randy Weeks ce, kuma ita ce mafi saurin kama sabon kunne saboda jitar da ake goga wa bututun ƙarfe a kan tsirkiya.

Inda ya gaza ba yawa. "Still I Long for Your Kiss", wadda suka rubuta da Duane Jarvis, ita ce mai rauni: kalmomin na kowa ne, babu gari, babu abin gani, kuma ta zo bayan "Greenville" inda bambancin ke fitowa fili. Lafazinta na kudancin Amurka yana haɗiye ƙarshen kalma, ko wanda ya yi digiri da Turanci zai so ya buɗe rubutun waƙar a sauraro na farko. Sannan akwai abin da ya wajaba a faɗa wa mai karatu a nan: waƙar farko, "Right in Time", maganar sha'awa ce a fili, wasu kuma suna ambaton giya da mashaya. Ba kundin da za a sake a falo gaban yara masu jin Turanci ko a mota da surukai ba ne. Mai son kauce wa haka ya fara daga ta biyu.

Yanzu batun samu. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na asali mai waƙa 13, akwai kuma na musamman da aka fitar a 2006 mai faifai biyu: an sake gyara sautin, an ƙara waƙoƙi uku, faifai na biyu kuma wasan da ta yi ne a Filadelfiya a Yulin 1998. Sabon shiga ya tsaya a na asali. Na 2006 na wanda ya riga ya kamu ne, kuma ya ninka cin data.

Hanya mafi tsabta ita ce manhajar sauraro mai lasisi, don ita ce kuɗinta ke isa ga mai waƙa. Spotify ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, akwai kuma Apple Music da YouTube Music. A Spotify akwai waɗannan matakan inganci a waya: kilobit 24, 96, 160, da 320 a daƙiƙa, na ƙarshen na masu biyan kuɗin wata ne, haka ma saukewa don saurare ba intanet. Lissafin minti 52 shi ne: a 96 kusan MB 37, a 160 kusan MB 62, a 320 kusan MB 125. Kada a bar saitin a kan zaɓin da manhaja ke yi da kanta. Da zarar sabis ya yi rauni, abin da ke faruwa da an bar gari an nufi ƙauye, sai ta sauke ingancin ba ta tambaye ka ba, muryar ta koma kamar daga bayan ƙofa. A shiga saiti, a sa ingancin saukewa a 160 ko 320, a sauke kundin gaba ɗaya da dare lokacin da layi ya fi sakewa, sannan a kashe data a saurara. Abu ɗaya da ke kama mutane: in waya ta yi kwana 30 ba ta hau intanet ba, waƙoƙin da aka sauke suna daina buɗuwa sai an sake haɗawa.

Mafi yawan mutane dai wajen masu tura waƙa a kasuwa za su nufa da mimori a hannu, kuma nan ne abubuwa ke lalacewa. Na farko, suna. Ka ce Williams mai kantiri, za a cika maka mimori da Don Williams. Rubuta cikakken sunanta da sunan kundin a takarda ka miƙa. Na biyu, tushen kwafin. Yawanci daga bidiyon intanet ake tatso sautin, wanda tuni an matse shi sau ɗaya, a sake matse shi zuwa MP3. Kowace matsa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Duba girman fayil kafin ka biya: waƙar minti huɗu a kilobit 128 tana kai kusan MB 4, a 320 kusan MB 9 da rabi. In ka ga ƙasa da MB 2, kilobit 64 ne ko ƙasa, kada ka karɓa. Girma kaɗai kuma ba shaida ba ne, don ana iya ɗaukar mataccen kwafi a kumbura shi zuwa 320. Kunne ne alƙali. Sa eyafis, buɗe "Can't Let Go", bi ƙarar faifan ƙarfen ganguna. A kwafi mai kyau yana fita tsaf ya mutu a hankali. A mummuna yana yin wani shuu mai ruwa-ruwa, harafin "s" a bakinta ma ya riƙa tartsatsi. Mai shago da ke da kwamfuta yana iya buɗe fayil ɗin a Audacity, manhaja ce ta kyauta, ya duba hoton sautin: in an yanke komai a miƙe wajen kilohaz 16, daga 128 aka taso ko me aka rubuta a jikinsa.

Na uku, mimorin kansa. Akwai na jabu da aka rubuta GB 32 a jiki alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Yana karɓar fayil kamar lafiya, sai an wuce ainihin girmansa sababbi su hau kan tsofaffi, waƙa ta riƙa yankewa a tsakiya ko ta ƙi buɗuwa. Gwajin mai sauƙi ne: a cika shi a shagon, a cire a mayar, a buɗe fayil na farko da na ƙarshe. Ko mai kyau ne, wanda ya haura GB 32 da tsarin exFAT yake zuwa, tsofaffin rediyon mota da ƙananan rediyo masu ramin mimori kuwa FAT32 kawai suke karantawa. Mutum ya zata rediyonsa ta lalace alhali tsarin ne bai dace ba. Na GB 8 ko 16 ya wadatar. Haka fayil mai ƙarshen m4a, waya na buɗe shi, rediyoyin nan da yawa ba sa gani, sai MP3. A kuma sa lamba a gaban kowane suna, 01 zuwa 13, a tura su bi da bi. In ba haka ba na'urar za ta jera su yadda ta ga dama, "Jackson" ta faɗo a tsakiya, alhali an ajiye ta ne ta kwantar da ƙurar da "Joy" ta tayar.

Sifika ma tana da nata. Yawancin masu bulutut da ke kasuwa an gina su ne don kiɗan rawa, ƙasa ya kumbura, tsakiya ya lotsa. Wannan kundi kuwa a tsakiya yake zaune. In akwai madaidaicin sauti a waya, a kashe ƙarin bes, a rage wajen haz 60 zuwa 125 da maki biyu ko uku, a bar wajen kilohaz 1 zuwa 3 yadda yake ko a ɗaga kaɗan, nan muryar take. Sifika mai baki ɗaya tana haɗe hagu da dama wuri guda, jitocin da aka raba gefe-gefe su hau kan juna. Eyafis mai waya na kuɗi kaɗan ya fi ta nesa ba kusa ba a wannan aiki. A mota, masu amfani da ɗan abin nan da ake soka wa a ramin kunna sigari yana aika sauti ta FM su nemi layin da babu tasha kusa da shi, su ajiye ƙarar waya wajen kashi 80 cikin 100, su ƙara daga rediyon. In waya ta kai ƙarshe muryar ce ke fara fashewa.

Faifan CD na asali shi ne mafi kyawun sauti in an samu mai kawowa daga waje. A juya bayansa: na kamfani fari ne kamar azurfa, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi, kuma sau da yawa daga MP3 aka ƙona shi, ba abin da aka ƙaru da shi. Ƙurar hunturu tana hawa idon na'ura faifai ya riƙa tsalle, don haka gara a kwafe shi zuwa kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai na sautin, kusan MB 300 zuwa 350, a adana faifan a kwalinsa. Baƙin faifan garmaho ba mu ba da shawararsa a nan. Robarsa tana fara lanƙwashewa wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu a Birnin Kebbi tana iya kai wa haka.

Wanda kundin ya shige shi, na 1988 ne mataki na gaba, an sake fitar da shi a 2014 bayan ya daɗe babu shi a kasuwa. A can "Changed the Locks" take, waƙar da ba ta da gindi sam: mace tana canja makulli, lambar waya, mota, tufafi, har sunan gari, duk don kada mutum ɗaya ya same ta. Bayansa Sweet Old World. Essence na 2001 ya fi sanyi da jan jiki, a cikinsa "Get Right With God" ta ba ta Grammy ta uku a 2002, amma ba shi ne na biyu da za a nema ba. Down Where the Spirit Meets the Bone na 2014, wanda ta fitar a kamfaninta Highway 20, waƙa 20 ne, fiye da minti 100, yana son mai haƙuri da data mai yawa. Ta sami shanyewar ɓarin jiki a Nuwamban 2020, abin da ya raba ta da kaɗa jita yadda ta saba, amma ta koma waƙa, ta fitar da Stories from a Rock n Roll Heart a 2023. Muryar a waɗannan na baya ta ƙara kauri da kaushi sosai, wanda ya fara da su zai iya ja da baya. A bar su sai kunne ya saba da na 1998 da na 1988.